Kason Wanda Ba Ya Nan Ƙashi Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayana ya cika da hantsi, kansa a kan cinyata, kuma abin da na fara yi bayan na shafe masa ido ba kuka ba ne. Hawan dutse ne.

Garinmu yana bayan rafi, can gefen Gubuchi, kuma a garinmu waya ba ta magana sai an hau da ita kan dutsen da ke bayan gari. Ni kuwa gwiwoyina sun daɗe da yin ritaya, ni kaɗai ne ba su sanar wa ba. Haka na ja su, ina hawa ina haki, na kai ƙololuwa, na ɗaga waya sama kamar mai duban wata. Da ƙyar na samu ɗansa na fari da ke aiki a Kaduna.

"Baffa, maganarka tana yankewa. Me ya sami Baba? Sake faɗa."

Na sake faɗa. Ya ce bai ji ba. Haka na yi ta maimaita mutuwar ɗan'uwana a kan dutse, in juya gabas in juya yamma, har bakina ya saba da ita tun zuciyata ba ta yarda ba. 'Yarsa da ke aure a Hunkuyi kuwa, wayar ta ƙi shiga sam. Sai babur muka tayar. Ta iso an riga an dawo daga maƙabarta. Ta tsaya a bakin zaure, ba ta yi ihu ba, ta dube ni ta ce, "Baffa, ko fuskarsa..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ƙarasa mata ba.

An yi zaman makoki irin wanda garinmu bai saba gani ba. Mutane sun zo daga Gazara, daga ƙauyukan Kudan da na Ikara, wasu ban taɓa sanin sunan garinsu ba. Ardon rugar da ke bayan dutse ya zo da mutanensa, ya zauna ya ɗora sanda a cinya, sannan ya ce, "Kaɗon nan ya tafi da rigimarsa. Yanzu da wa zan yi faɗa?" Liman ya ce a iya saninsa mamacin bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, sai dai ya ci wa mutane lokaci. Duk aka ce haka ne.

Amma wadda ta kusa sa ni dariya a gidan mutuwa ita ce ungozomar garinmu, wadda yara da manya ke ce wa Gwaggo. Ta shigo tana share hawaye da gefen mayafi, ta ɗaga murya ta ce, "Wayyo ni, yanzu wa zai kai mini wayata kiwo?" Abokan aikin ɗansa da suka zo daga Kaduna suka kalli juna. Na ga ɗaya ya ɗan matsa gefe, yana zaton baƙin ciki ya taɓa wa tsohuwa kai.

Lafiyarta lau. Yaya yana da wata tsohuwar jakar fata. Kullum bayan la'asar sai ya bi gida-gida, ya karɓi wayoyin tsofaffi da na matan da ba sa fita, waɗanda 'ya'yansu ke Legas ko Fatakwal suna neman abinci. Kowace waya an ɗaura mata ƙyalle ko zare don kada a ruɗe. Sai ya hau dutse da su. Yana isa sama su ɗauki kuka gaba ɗaya kamar 'yan awaki sun ga dusa, saƙonnin murya suna shigowa. Ya zauna har su yi shiru, ya sauko ya mayar wa kowa tasa. Ardo ne ya fara ganinsa a can sama da jaka, ya ce, "Kaɗo ya samu garke." Daga nan sunan ya bi aikin. Bai taɓa buɗe saƙon kowa ba. Na taɓa roƙonsa mu saurari na wata bazawara, guda ɗaya tak, don ilimi. Ya dube ni ya ce, "Kai dai tsufa ya iso maka, hankali ne ya tsaya a hanya."

Ni ba marubuci ba ne. Bokona ya ƙare a aji uku, kuma malaminmu ya ce ko a hakan an yi wa aji ukun ƙazafi. Amma na lura mutuwa tana da ƙanwa, sunanta mantuwa, ita ke biyo baya ta share abin da yayarta ta bari. Shi ya sa na ɗauki biro. In kun ga rubutun ya karkace, ku yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

Duk wanda ya san Yaya tun da, da watanda ya san shi. In Sallah ta matso, magidanta suka haɗu suka sayi sa, shi ne mai rabo. A shimfiɗa buhuna a gindin tsamiya, ya tsuguna da wuƙa, kowane kaso ya sa masa tsoka, ya sa hanta, ya sa tumbi, ya sa ƙashi. Amma yana da doka guda da ta sa mutane suka sha zaginsa a zuci: ba ya taɓa nama sai kowane gida da ke cikin watandar yana da mutum a tsaye a wurin. Ko mai gidan, ko wanda ya wakilta. In gida ɗaya bai zo ba, sai a jira.

"Haba Malam, ai mun yarda da kai. Raba kawai, rana tana yi."

"Ku kun yarda da ni, ni ban yarda da kaina ba," in ji shi. "Hannu yana jin kunyar idon da ke kallonsa, ba ya jin kunyar wanda ke gida. Kason wanda ba ya nan ƙashi ne."

Na san inda ya samo maganar. Muna yara Babanmu ya tafi ci-rani bai dawo da wuri ba, Sallah ta zo, Inna kuwa ba ta fita. Aka aiko mana da kasonmu na watanda a ƙwarya. Ta buɗe, ƙashi ne da huhu. Ba wanda ya yi niyyar cutar mu, mai rabon ma aminin Baba ne. Kawai dai duk tsokar da ya ɗaga, akwai ido a kanta, mu kuwa ba mu da ido a wurin. Inna ta dafa ƙasusuwan, ta zuba daddawa da yawa, ta ce ai romon ƙashi ya fi daɗi. Ni da cikina ya girme ni, na yarda, har na nemi ƙari. Yaya bai ci ba.

To, shekarar da aka ce rajistar takin gwamnati ta waya za a yi, labarin bai ƙetaro rafinmu ba sai da aka rufe. Mutanen birni waɗanda gonarsu ba ta wuce tukunyar fulawa ba suka samu, mu masu rake da tumatir muka tashi a tutar babu. Dama an daɗe ana shan irinta. Dillali ya zo gonarka ya san yadda tumatir ya kwana a kasuwar kudu, kai ba ka sani ba. Masu neman jarrabawa su ƙetare ruwa zuwa Maƙarfi don a danna musu abin da na bakin titi ke dannawa a kwance. Amma takin nan ne ya tsaya wa Yaya a wuya.

Da ɗansa ya zo hutu, ya zaunar da shi. Ba ya kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ya ce "kai wannan".

"Kai wannan, abin nan da ke shiga waya, wa ke raba shi?"

"Baba, ba rabawa ake yi kamar nama ba. Amma akwai kwamiti na yankin nan, Ikara da Maƙarfi da Kudan. Su ke ba da shawarar inda za a kafa ƙarfen sabis da yadda za a tafiyar da harkar intanet. A cikinsu ake ɗaukar masu zuwa jiha, daga jiha a je Abuja, daga can har ƙasashen waje, inda duniya ke zama a kan maganar."

"To, wa ke tsaya mana?"

"Akwai wani mutumin kirki a cikin Maƙarfi."

"Allah ya ƙara masa kirki. A gidansa waya tana magana?"

"Har a banɗaki, Baba."

Yaya ya juyo ya dube ni. "Ka ji ko? Ashe ƙashi za mu yi ta ci."

Ba a daɗe ba kwamitin ya sanar cewa zai saurari mutanen da ba su da sabis. Madalla. Sai dai taron, a waya za a yi shi, mai hoto. Ɗan nasa ya zo musamman da babbar wayarsa, muka hau dutse mu uku. Yaya ya sa babbar riga, ya kafa hula, har turare ya shafa. Na ce masa ƙamshi ba ya bin waya, ya ce ladabi ba don hanci ake yin sa ba. Ni aka ba lema in riƙe.

Da aka ba shi dama, ya yi sallama. Ya gai da shugaban taro, ya tambayi iyalinsa, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina. Ya koma kan na biye da shi, shi ma haka. Duk fuskar da ya gani a gilashin sai da ya ba ta haƙƙinta. Kafin ya gama gaisuwa sabis ya ɗauke. Bai sani ba. Ya gyara zama ya shiga magana, ya kawo taki, ya kawo tumatir, ya kawo masu jarrabawa, magana mai daɗi wadda ban taɓa jin ya yi irinta ba. Ɗansa yana ta "Baba, Baba", ya ɗaga masa hannu wai kada a katse babba. Da ya kai aya ya ce, "To, me suka ce?"

Ɗan ya sunkuyar da kai. Ni na ce, "Yaya, su dai ba su ji ba, amma ƙadangarun nan sun gamsu. Dubi yadda suke gyaɗa kai."

Na zaci zai kai mini duka da lemar. Sai ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ɗauka ya kaɗe, ya ce, "Mutanen nan ba mugaye ba ne. Sun buga wa kurma ganga ne, suna jiran ya zo. Zuwa da kai ya fi aike."

Daga ranar, duk lokacin da kwamiti zai zauna a Maƙarfi, Yaya yana can. Ba wanda ya gayyace shi. Ya naɗe buzunsa, ya hau bayan babur, ya je ya shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin taron, ya zauna. Duk mai shiga sai ya gaishe shi, gaisuwa cikakkiya, irin wadda ba a iya wucewa. Ni ina binsa, saboda zumunci, kuma saboda in an tashi akan raba shinkafa da kaza, wani lokaci ta kai har bakin ƙofa.

Shugaban kwamitin mutum ne mai haƙuri da ilimi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Wata rana ya fito ya tsuguna kusa da buzun.

"Baba, wallahi ba a zalunci kowa ba. Ƙananan hukumomi uku, kujeru daidai wa daida. Ina rashin adalcin?"

"Ranka ya daɗe, kun raba sa gida uku daidai, ban musa ba. Amma duba waɗanda suka zo ɗauka. Na Ikara ɗan bakin titi ne, na Kudan ɗan bakin titi, namu ma haka. Titi kuka raba uku."

"To Baba, in kowane ƙauye ya ce sai an ba shi kujera, wane ɗaki ne zai ɗauke mu?"

Yaya ya ce, "Nan ka fi ni gaskiya." Ya naɗe buzu muka tafi. Na ɗauka an gama, har na fara kewar kazar. Ashe tunani ya tafi yi. Zama na gaba ya dawo ya ce ba kujerar ƙauyensa yake nema ba. A kowace ƙaramar hukuma, a ware kujera guda ga mutanen da wayarsu ba ta magana, kuma kada a ba kowa ita sai wanda a can yake kwana.

Ba a amsa nan take ba. Amma a tsakani ya yi ta yawo kasuwa-kasuwa, yana neman masu hawa dutse da masu hawa bishiya da masu tsayawa kan suri irinmu. Buzu ɗaya ya zama biyu, ya zama layi, har masu shiga taro sai sun yi ta tsallake ƙafafu suna ba da haƙuri. Waɗannan su ne baƙin fuskokin da suka cika mana zaure ranar makoki. Daga ƙarshe aka ba da kujerun. Tamu aka sa mata suna kujerar bayan rafi, Yaya ya fara zama a kai. Ranar ya ce mini kujerar tana da laushi, amma buzunsa ya fi ta sanin mutunci.

Yanzu kada ku ce ina gyara shi don ya mutu. Yaya ya yi kuskure, kuma babba.

Zamansa na farko aka tambaye shi, in an samu dama, ina ya fi dacewa a kafa ƙarfe a yankinsu? Ya ce filin da ke gaban masallacin garinmu. Ya dawo yana murna yana ba da labari a gindin tsamiya. Ardo yana wurin. Ya bari ya gama, sannan ya ce, "Kaɗo, in an kafa shi a gaban masallacinku, dutsen nan zai matsa gefe ya bar shi ya iso ruga?"

Yaya ya ce ai ana farawa ne daga wani wuri.

"Haka 'yan titi ma suka ce maka. Ranar da ɓarayi suka kore mana shanu, wa muka iya kira? Ka je ka yi magana da sunan bayan rafi, ka tambaye mu? Ko mu a cikin rafin muke?"

Yaya ya hasala, ya ce shi ya sha rana a bakin ƙofa lokacin da wasu ke inuwa suna shan nono. Ardo ya miƙe ya saɓa sandarsa. Daga ranar matan ruga suka daina tsayawa da ƙwarya a ƙofar gidan Yaya. Ni abin ya fi shafa, don a gidan nake shan fura.

Haka aka yi ta gaba har Sallah ta zo. An riga an sayi san watanda a hannun Ardo tun kafin rigimar, kuma kamar kullum yana da kaso a ciki. Aka yanka, aka feɗe, aka shimfiɗa buhuna. Yaya ya tsuguna ya duba fuskoki. Ba Ardo, ba ɗan aikensa.

"Raba, Malam. Shi ya ƙi zuwa. A ajiye masa nasa."

Na ga hannunsa ya kai kan wuƙa, ya tsaya. Rana ta take, ƙudaje suka samu Sallarsu tun kafin tamu. Mutane suna ta guna-guni. Can ya miƙe, ya sa takalmi ya zagaya bayan dutse da ƙafa. Ban bi shi ba, na tsaya gadin hanta. Abin da suka ce wa juna a ruga, har ya mutu bai gaya mini ba. Mun dai hango su suna tahowa, Ardo a gaba yana faɗa da hannu, Yaya a baya yana gyaɗa kai kamar ƙadangarun nan nasa. Da aka gama rabo, ya goge wuƙa ya ce wa jama'a, "Na yi wa mutanen ruga abin da aka yi wa Innata. Kujerar nan ba tawa ba ce. Karɓa-karɓa za a yi, gari ya zauna, ruga ta zauna." Zama na gaba ya je da bakinsa ya janye maganar gaban masallaci, ya ce a kan dutse ya kamata, inda gari da ruga duk za su gan shi.

Da ya shiga gida yana ba matarsa labari, tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Gari da ruga. To, mu masu ƙyalle a waya fa? A wane kason muke?" Ya fito zaure ya same ni, ya ce, "Yau sau biyu ana kayar da ni." Aka mayar da karɓa-karɓar gida uku: gari, ruga, mata.

Ya yi nasa zangon, Ardo ya yi nasa. Ana cikin na Ardo ciwo ya kwantar da Yaya, zangon yana ƙarewa shi ma ya ƙare.

Bayan sadakar bakwai na ɗauki jakar fatar, don kukan Gwaggo ya tsaya mini a rai. Na bi gidaje na karɓi wayoyi, na jefa tasa a ciki don ban san yadda zan bar ta ba. Ina isa kan dutse, tasa ce ta fara kuka. Saƙo ne daga kwamiti, da na sauko ɗansa ya karanta mana: za a zauna a yanke wuraren da za a kafa sababbin ƙarafa. Duk abin da Yaya ya sha rana dominsa, a wannan zaman za a raba shi. In kujerarmu ta je babu kowa, ko ta je da wanda ba namu ba, kun san kasonmu.

Maza suka taru a zauren gidan. Wani ya ce a ba ɗansa, magana ta ƙare. Ɗan ya ce, cikin ladabi, "In kun amince zan riƙe. Na san Turancinsu, na san takardunsu. Ba na so wahalar Baba ta tafi a banza." Kuma har ga Allah da gaske yake, idonsa ya kawo ruwa.

Ni kuma na yi gyaran murya na ce ai ƙani uba ne, kuma duk zaman da aka yi ina wurin. Ban gaya musu cewa tuni na kai babbar rigata wanki da guga ba.

Ardo ya ce, "Ku dai Haɓe akwai mantuwa. Ba zangon mata ba ne?"

Zaure ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce wannan zaman ya fi ƙarfin a yi wasa da shi. Wani ya ce mace a gaban manyan mutane, me za ta ce? A bari sai wani zagayen, in an samu ƙarfen. Har ni na gyaɗa kai, saboda rigar tana wurin mai guga.

Sai muka ji an taɓa ƙyauren cikin gida. Matar Yaya ce, tana takaba, ba ta fito ba, daga bayan ƙofa ta yi sallama. Ita ma ba ta kiran sunan ɗan.

"Kai wannan."

"Na'am, Inna."

"A gidanka na Kaduna waya tana magana?"

Ya ce, "Tana yi, Inna."

"To, ka ji. Ba ƙin ka aka yi ba. Ubanka ya ce sai wanda ke kwana a nan, kuma bai ce ban da ɗansa ba." Sai ta juyo kaina. "Kai kuma Sarkin Ci, ina jin muryarka. Kaza ce ke kiranka, na san ka tun ba ka da gemu." Haka take ce mini tun da aka kawo ta gidan, wasan ƙanin miji, amma ban taɓa jin sunan ya zauna mini daidai irin na ranar ba. Ta ce, "Mu mata mun riga mun zauna. Gwaggo za ta je. In kun hana, ku kuka raba nama ba mu nan."

Liman ya shafa fatiha. Ɗan ya tashi ya fita ba tare da ya dubi kowa ba, na ce a raina shi ke nan, mun samu kujera mun rasa ɗa.

Ranar zaman da safe na fito na tarar yana wanke mota a ƙofar gida. Ya gaishe ni ya ce, "Baffa, in suka kawo takardun Turanci, Gwaggo za ta buƙaci tafinta. Kai kuma sai ka riƙe mata jaka." Na shiga na sa rigar. Ai an riga an goge.

A ɗakin taro shugaban ya yi mana ta'aziyya. Sannan ya ce, "Kujerar bayan rafi?"

"Ga mu," in ji Gwaggo. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta je ta hau kujerar, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Ɗan Yaya ya tsaya a bayanta, ni a bayansa da jaka. Da aka zo kanta ta ce, "Ina gaishe ku gaba ɗaya, a dunƙule, kada sabis ya ɗauke." Waɗanda suka san labarin suka yi dariya, wasu suka share ido. Ta ce ita ba ta san ƙarfe ba, haihuwa ta sani. In haihuwa ta zo da gardama, hannunta biyu suna kan mace, ba ta da na ukun da za ta hau dutse da shi ta kira mota. Ta ce a gari haka ne, a ruga ma haka ne, don duk ita ke zuwa.

Ba a miƙa mata a faranti ba. Mutumin kamfani ya ce bakin titi ya fi masu saye, kuma kai kaya kan dutse wahala ne. Ba ƙarya ya yi ba. Aka yi ta ja. Ɗan Yaya yana sunkuyawa yana fassara mata abin da ke cikin takarda, ita tana ba da amsa da bakinta. Masu kujerun ƙauyukan Kudan da Ikara suka mara mata baya, ita ma ta mara musu da aka zo kan nasu. Da aka tashi, yawancin ƙarafan bakin titi suka tafi, ba zan ɓoye ba. Amma an rubuta dutsenmu. An kuma yarda cewa cikin masu zuwa jiha, dole a sa mutum guda daga masu buzu. Ko a watandar Yaya ba wanda ke tashi da tsoka zalla. Mun dai samu kaso irin na mutanen da ke tsaye a wurin.

Kazar ma na samu. Gwaggo ta ba ni tata, ta ce haƙoranta ba sa iyawa.

Ma'aikata sun zo sun auna dutsen, sun shafa jan fenti daidai inda Yaya ke zama da garkensa. Kafin ƙarfen ya tashi, ni ke kai wayoyi kiwo. Ina hawa ina tsine wa gwiwoyina, kuma ban buɗe saƙon kowa ba, har na bazawarar, Allah shaida ne. Daga can sama ana hango maƙabarta. In wayoyin suka ɗauki kuka, sai in juya wajen in ce, "Yaya, ka ji 'yan awakinka."

Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabari, ya ba shi kasonsa cikakke a inda ba a rabo a bayan idon kowa.

Rannan 'yarsa ta Hunkuyi ta zo ganin uwarta, ta same ni na sauko da jaka ina haki. Ta ce, "Baffa, ka rage hawan nan, kada kai ma ka tafi ban sani ba." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, na riga na yanke shawara ba zan mutu ba sai ƙarfen ya fara aiki, in Allah ya yarda. In tawa ta zo, daga kan tabarmata za a kira ta, ta taso da wuri ta ga fuskar, ko da yake ba wata fuskar a zo a gani ba ce.